Masu Neman Guje wa Kabari: Daga Wukari Zuwa Kwamfuta

Gaisuwa ta musamman ga iyalan Azuba da Shabu da sauran garuruwan da ke bakin hanyar Lafia zuwa Akwanga, ku da kuke yin Eggon ko Alago ko Mada ko Migili ko Gwandara a cikin gida, Hausa kuma ta haɗa mu a sujada da kasuwa.

Yau za mu ɗauki wata magana wadda 'ya'yanmu suka riga mu ji. Cikin finafinan da suke kallo a waya akwai waɗanda ake kira ƙagaggun labaran kimiyya, watau labaran da marubuci yakan zauna ya ƙaga a kan na'urorin da ba a ƙera ba tukuna. A ciki za ka ga mutum yana bakin mutuwa, sai likitoci su jona kansa da wayoyi, su kwashe hankalinsa da dukan abin da yake tunawa su zuba a kwamfuta, kamar yadda ake tura waƙa daga wannan waya zuwa waccan. Jiki ya tafi kabari, mutumin kuwa ya farka cikin na'ura yana ta zancensa. Yaro ya gama kallo, ya juya ya tambayi uwarsa, "Mama, idan Turawa suka gama wannan aiki, ina amfanin tashin matattu?" Kada a kore shi da tsawa, gama tambayar tana da nauyi. Bari mu bi tarihin wannan buri, mu ga inda ya fito da inda ya kai.

Ba sai mun je Amurka za mu sami farkon zancen ba. Mu ƙetare Binuwai mu je Wukari, a Jihar Taraba. Da yawa a cikinmu suna da alaƙa da can, domin tarihin baka na Alagon Doma da na Keana, da na Migili, yana cewa kakanninsu daga Kwararrafa suka fito. A al'adar Jukun ba a cewa Aku Uka ya mutu. Sarki ba ya mutuwa, tafiya yake yi. Wani Bature mai suna C. K. Meek, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta sa ya binciki al'adun ƙabilun Arewa, ya buga littafi a kan Jukun a 1931. A ciki ya rubuta abin da aka faɗa masa game da zamanin dā: idan sarki ya ƙare akan ɓoye labarin, a cire zuciyarsa a busar da ita a bakin wuta, a niƙe ta, a sa garin cikin abincin wanda zai gaje shi.

Kafin mu yamutsa fuska, mu tambaya me suke nufi da haka. A ganinsu akwai wani abu cikin sarki wanda ruwan sama da dawa da zaman lafiyar ƙasa suka rataya a kansa. In abin nan ya bi shi kabari, ƙasa ta shiga uku. Saboda haka dole ne a fitar da shi daga tsohon jiki a sa shi a sabo. Su sun ce a zuciya yake zaune, masu kwamfuta sun ce a ƙwaƙwalwa yake, amma dabarar iri ɗaya ce. Sai dai kakannin Jukun domin jama'a da gonaki suka yi nasu, mai kuɗin zamani kuwa domin kansa yake nema. Wancan labarin dā ne, amma maganar cewa sarki ba ya mutuwa tana nan da ranta. Sa'ad da Aku Uka Shekarau Angyu Masa-Ibi, wanda ya hau gadon sarauta a 1976, ya ƙare a watan Oktoba na 2021, a Janairun 2022 dubban mutane suka fito suka raka shi bisa doki zuwa wurin kakanninsa, hotunan kuwa suka cika Facebook.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da gida, watau dodo. Kowace ƙabila a tsakiyar Nijeriya tana da sunan da take kiransa da harshenta. Da dare, ko a lokacin makoki, ko bayan girbi, sai a ji wata murya mai ban tsoro tana fitowa daga kurmi ko daga ɗakin tsafi, a ce kakanni ne suka dawo. Muryar tana tsawata wa ɓarawo, tana raba gardama, tana faɗa wa gwauruwa abin da mijinta yake so. Mata da yara ba su da izinin sanin yadda ake yi. A wurare da dama ɗan bututu ne na kara ko na ƙashi, a rufe bakinsa da farin yaɗin nan da gizo-gizo yake lulluɓe ƙwansa da shi. In mutum ya yi magana a ciki, sai muryarsa ta canza ta koma ta wani abu dabam. Ba za mu yi wa iyayenmu ba'a ba. A zamanin da babu ɗan sanda babu kotu, da wannan ne suka riƙe gari. Amma kowane namiji da aka shigar da shi ya san gaskiyar: cikin dodo akwai rayayyen mutum, kuma abin da dattawa masu rai suka shirya shi ne matattu suke faɗa. Sa'ad da bishara ta shigo wannan yanki, daga 1916 da mishan ɗin SUM ta fara aikin da ya zama ERCC, wannan yana cikin manyan abubuwan da masu bi na fari suka sha wuya a kansu, domin sun ƙi durƙusa wa muryar. Ku riƙe zancen dodo a zuciya, za mu sake gamuwa da shi da sabuwar riga.

Sauran duniya ma haka take. Labarin Gilgamesh, wanda aka rubuta a kan allunan yumɓu a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, na wani sarki ne da mutuwar abokinsa ta firgita shi, ya tafi neman ganyen da ke mai da tsoho yaro, ya samu, maciji ya sace. Sarkin da ya fara haɗa ƙasar Sin wuri ɗaya, Qin Shi Huang, ya aika jirage neman maganin mutuwa, ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Almasihu, bai kai shekara 50 ba. Waɗannan duka tsiro da tsafi suka dogara gare su.

Abin ya sake kama ne sa'ad da lantarki ya zo. A 1803, a birnin Landan, wani masani ɗan Italiya mai suna Giovanni Aldini ya sa wa gawar wani da aka rataye wutar lantarki a gaban jama'a. Muƙamuƙin gawar ya motsa, ido ɗaya ya buɗe. Mutumin bai tashi ba, amma zancen ya shiga kan mutane. Shekara 15 bayan haka, a 1818, wata yarinya 'yar Ingila, Mary Shelley, ta fitar da littafin Frankenstein, labarin ɗalibin da ya harhaɗa sassan jiki ya ba su rai, sa'an nan ya gudu ya bar abin da ya yi. Mutane da yawa suna lissafta shi a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na fari. Abin lura shi ne gargaɗi ta rubuta, ba talla ba. A 1877 kuma Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya, cikin amfanin da ya lissafta mata har da ajiye maganar ƙarshe ta mai mutuwa. Wannan kam ya tabbata. Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, ga shi har yau ana jin su a rediyo da cikin motocin haya.

Akwai wani mutum a wannan tarihi da ya kamata mu tsaya a kansa, domin da kakanninmu sun gamu da shi da sun gane shi nan da nan. Sunansa Nikolai Fyodorov, ma'aikacin ɗakin karatu ne a Mosko ta ƙasar Rasha, ya mutu a 1903. Mai zuwa sujada ne, talaka da gangan, albashinsa yakan rabar wa mabukata. Koyarwarsa ita ce, babban bashin da ke kan 'ya'ya shi ne su ta da iyayensu daga matattu, kuma da ilimin kimiyya za su yi. A tattaro ƙurar jikin kakanni duk inda ta watse, ɗa ya ta da ubansa, uban ya ta da nasa, har a kai ga Adamu. Da aka lura duniya ba za ta ɗauki wannan taro ba, sai ya ce a nemi hanyar zuwa sauran duniyoyi na sararin sama. Wani saurayi mai ciwon kunne da yakan zo karatu wurinsa, Konstantin Tsiolkovsky, shi ne daga baya ya zama uban ilimin roka a Rasha. Fyodorov ya ƙaunaci iyayensa, ya kuma gaskata da tashin jiki. Inda ya karkace shi ne ya ɗauki aikin da Allah ya ce nasa ne ya ɗora a kafaɗar 'yan adam.

Marubuta suka ci gaba da ƙagawa. A 1956 Arthur C. Clarke ya rubuta The City and the Stars, labarin wani birni inda ake ajiye mutane cikin ma'ajiyar na'ura. Mutum ya fito ya yi shekara dubu, ya koma ajiya, bayan zamani mai tsawo a sake fito da shi da sabon jiki. A Hausa ma muna da namu irin rubutun, ko da yake ba a kan mutuwa ba: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda wani baƙo daga sararin sama ya ɗauki yaro ya zaga da shi. Amma littafin da ya fi fito da cikin zancen fili shi ne Altered Carbon na Richard Morgan, na 2002, wanda Netflix ya mayar fim a 2018. A cikinsa kowa yana da wata 'yar na'ura a ƙeyarsa wadda ke riƙe da hankalinsa. Jiki kuwa riga ce kawai, in ta tsufa a sake wata. Masu kuɗi suna yin ɗaruruwan shekaru suna sauya jiki, talaka kuwa sai abin da aka ba shi, ko ya kwana a ajiya. Marubucin ya sa 'yan Katolika su ne suka ƙi yarda a mai da su cikin wani jiki, saboda haka suka zama masu sauƙin kashewa, tun da ba za a ta da su su ba da shaida ba. Ko shi mai ƙaga labarin ya gane cewa a nan bangaskiyar Kirista za ta tsaya ta ce a'a.

Yanzu ga inda tatsuniya ta zama kasuwa. A 1931 wani yaro Ba'amurke, Robert Ettinger, ya karanta wani gajeren labari a mujalla, na farfesan da aka harba gawarsa sararin sama, sanyi ya kiyaye ta, bayan miliyoyin shekaru waɗansu halittu suka tsince ta suka sa ƙwaƙwalwar cikin jikin ƙarfe. Yaron ya girma ya zama malamin kimiyya, labarin bai bar shi ba. A 1964 littafinsa ya fito kasuwa, yana cewa a daina binne mutane, a daskarar da su har ranar da likitoci za su iya warkar da abin da ya kashe su. Ran 12 ga Janairu, 1967, aka yi wa mutum na fari, James Bedford, tsohon malamin jami'a ɗan shekara 73 wanda ciwon daji ya kashe a Kalifoniya. Cikin ruwan naitirojin ake ajiye irin waɗannan gawawwaki, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma dole a riƙa ƙara ruwan, in ba haka ba ya ƙafe.

Nan ne aka ga halin ɗan adam. Shugaban ƙungiyar da ta daskarar da Bedford, Robert Nelson, mai gyaran talabijin ne. Ya karɓi waɗansu gawawwakin ya ajiye a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a maƙabartar Chatsworth. Kuɗi suka ƙare, ruwan sanyi ya ƙafe, bai faɗa wa iyalan ba. A 1979 aka buɗe wurin aka tarar gawa tara sun narke sun ruɓe, maganar ta kai kotu. Bedford ya tsira daga wannan ne kawai domin iyalinsa sun karɓe shi tun da wuri. Yana nan har yau cikin tulun ƙarfe a wurin ƙungiyar Alcor, a Scottsdale ta Jihar Arizona. A shekarun 2010 kuɗin Alcor dala 200,000 ne in jiki duka za a ajiye, dala 80,000 in kai kaɗai. Ettinger da kansa ya mutu a 2011 yana da shekara 92, aka sa shi a cibiyar da ya kafa a Michigan a 1976, inda uwarsa da matansa biyu suka riga shi shiga. Daga 1967 zuwa yau ba a ta da ko mutum ɗaya ba.

Ku lura da wannan "kai kaɗai". Mai sayen wannan ya riga ya yanke cewa shi ƙwaƙwalwa ne, sauran jiki kaya ne. Daga nan taki ɗaya ya rage a ce ita ma ƙwaƙwalwar ba a bukatarta, rubutun da ke ciki ake so. Hans Moravec, masanin mutum-mutumi, ya bayyana yadda yake zaton za a yi a littafinsa na 1988. Ray Kurzweil, wanda ya shiga aiki da Google a 2012, ya sa shekara: 2045. Mahaifin Kurzweil ya mutu a 1970, shi kuwa ya tara wasiƙunsa da takardunsa cikin akwatuna, yana fatan wata rana na'ura za ta dawo masa da shi. Wa zai ji wannan bai ji tausayi ba? Maraici ne, irin wanda ya sa ake zuwa wurin dodo. A 2018 wani ƙaramin kamfani mai suna Nectome ya ce zai iya kiyaye ƙwaƙwalwa da sinadarai domin a kwafe ta nan gaba, amma sai mutum yana da rai za a fara zuba masa su, kuma zubawar za ta kashe shi. Duk da haka mutum 25 suka ba da kafin alƙalami na dala 10,000 kowannensu, har da Sam Altman, wanda yake shugabancin kamfanin da ya yi ChatGPT. Da surutu ya yi yawa, jami'ar MIT ta janye hannunta daga aikin.

To, ina masana na gaskiya suka kai? Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace kuma tana haɗe da dubbai. Halitta ta fari da aka zana taswirar jijiyoyinta duka wata 'yar tsutsa ce mai tsawon milimita ɗaya, ƙwayoyinta 302 ne kacal. An yi fiye da shekara goma ana aikin a Kambirij ta Ingila, aka gama a 1986, har yanzu kuwa ana fama a sa wannan taswira ta yi a kwamfuta dukan abin da tsutsa mai rai take yi. A watan Oktoba na 2024 aka kammala ta ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro, ƙwayoyi kusan 140,000. A cikin 2024 ɗin kuma masanan jami'ar Harvard da na Google suka fitar da taswirar wani ɗan gutsure na ƙwaƙwalwar mutum wanda bai kai ƙwayar riɗi ba. Suka sami ƙwayoyi wajen 57,000 da mahaɗai miliyan 150 a cikinsa, hotunan kuwa suka ci wurin da zai cika wayoyin hannu masu gigabait 64 fiye da 20,000. Na ƙwayar riɗi ɗaya ke nan, wadda sai da aka yanka ta falle-falle fiye da 5,000 kafin a gan ta. Ko da an gama duka ma, taswira ce aka samu. Wanda ya riƙe taswirar Lafia a hannu bai riƙe kasuwa da masu ciniki a cikinta ba.

Ba muna raina ilimi ba ne. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa wata na'ura a kan wani saurayi da ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, ya iya sarrafa kwamfuta da tunaninsa. Mun gode wa Allah domin wannan, kamar yadda muke gode masa domin allurar rigakafi da maganin cizon maciji. Aikin jinya ne, irin wanda mishan ta zo da shi tare da bishara. Amma saurayin yana nan cikin jikinsa, babu abin da aka kwashe. Mutumin da aka tabbatar ya fi kowa daɗewa a zamaninmu, wata Bafaranshiya Jeanne Calment, shekara 122 ta yi, ta rasu a 1997, ba a kuwa sami wanda ya wuce ta ba. Mu a Nijeriya, matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba. Da kuɗin daskarar da kai ɗaya za a haƙa rijiyoyin burtsatse nawa?

Abu ɗaya ne ya yiwu, shi ne kuma zai iso gidajenmu: kwaikwayo. A 2015 mota ta kashe wani saurayi, Roman Mazurenko, a Mosko. Abokiyarsa Eugenia Kuyda ta tattara dubban saƙonnin da ya taɓa aikawa ta ba kwamfuta, a 2016 ta fito da manhajar da ke amsa magana da irin salonsa. A 2020 gidan talabijin na MBC a Koriya ta Kudu ya nuna wata uwa sanye da tabarau na musamman, tana kuka tana miƙa hannu ga siffar 'yarta wadda ta mutu tana da shekara 7. Yau da ɗan gajeren saƙon murya na WhatsApp ana iya sa na'ura ta yi magana da muryar kowa. Ga dodo ya dawo. Dā da yaɗin gizo ake canza muryar, yanzu da yanar gizo, ko sunan bai yi nisa ba. Tambayar da kakanmu da aka shigar ya san amsarta ita ce za mu yi: wa ke ciki? A dā dattijon unguwa ne, wanda ko ba komai ya san mamacin, gobe kuma za a gamu da shi a gona. Yanzu kamfani ne a wata ƙasa wanda ake biya kowane wata, ko kuwa ɗan damfara.

Mu bambanta abu biyu. Kaset na faɗin abin da Baba ya faɗa da bakinsa. Kwaikwayo na faɗin abin da Baba bai taɓa faɗa ba, da muryar Baba. Ku yi tunanin gidan da ake jayayya a kan gona bayan rasuwar mai gida, sai wani ya fito da waya ya ce ga muryar marigayi yana cewa ya ba shi filin bakin rafi. Ku yi tunanin gwauruwa wadda kowane dare take hira da muryar mijinta, ta kasa yin makoki ta gama. Littafi Mai Tsarki ya hana tuntuɓar matattu a Maimaitawar Shari'a sura 18, kuma 1 Sama'ila sura 28 ta nuna mana Sarki Saul ya ɓad da kama ya je wurin mai duba a Endor da dare; abin da ya samo shi ne labarin mutuwarsa, ya faɗi ƙasa ba ƙarfi. Dauda kuwa, da ɗansa ya mutu, ya tashi ya yi wanka ya yi sujada ya ci abinci, domin ya san wane ne zai je wurin wane.

A ce ma wata rana an iya kwafar ƙwaƙwalwa duka. In an kwafe ka kana da rai, ga ka zaune a kujera, ga wani a kwamfuta yana cewa shi ne kai. Wanne ne mijin matarka? In aka kashe na kujera, ai an yi kisankai, ko da na kwamfuta yana ta dariya. Duk wanda ya taɓa neman aiki ya san hoton takardar shaida ba ya zama ta asali, ko an buga guda ɗari.

Ikkilisiya ta daɗe da gamuwa da wannan ra'ayi, tun ba a san lantarki ba. Helenawa masu ilimi da yawa sun ɗauki jiki kamar kurkuku, ceto kuwa shi ne rai ya kuɓuce masa. Shi ya sa a Atina suka saurari Manzo Bulus har ya kai ga tashin matattu, sa'an nan waɗansu suka yi masa ba'a, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna. A ƙarni na biyu waɗansu da ake kira Nostikawa suka shigo da wannan koyarwa cikin ikkilisiya, suna cewa ɓoyayyen sani ne zai fid da mutum daga nama da jini. Ireniyas na Liyon ya yi musu raddi wajen shekara ta 180, Tartuliyan kuma, mutumin Afirka daga Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta littafi guda a kan tashin jiki. Maƙiyan masu bi ma sun san inda begensu yake. A shekara ta 177, a Liyon ta Faransa, bayan an kashe Kirista da yawa, har da wata baiwa Blandina da tsohon bishop ɗan shekara 90, sai aka bar gawawwakinsu kwana shida a fili, aka ƙone, aka share tokar cikin kogin Rhône, domin a ga ta yadda Allahnsu zai ta da su. Waɗanda suka ragu ba su nemi hanyar tattaro tokar ba. Sun rubuta wa 'yan'uwa wasiƙa, suka ci gaba da sujada.

Dalilinsu shi ne abin da manzanni suka gani. Yesu da ya tashi ya ci gasasshen kifi a gabansu, bisa ga Luka sura 24, ya kuma nuna wa Toma tabon ƙusa a Yahaya sura 20. Kabarin ba kowa, watau jikin nan da aka binne shi ne ya tashi, an sāke shi. Bulus ya bayyana wa Korintiyawa da misalin manomi a sura 15 ta wasiƙarsa ta fari, misalin da kowane mai kunyar doya a Azuba zai gane: irin da ka binne yakan ruɓe, abin da ya fito kuwa daga gare shi yake, amma ya fi shi nesa. Na'ura tana alkawarin ƙara wa tsohon mutum kwanaki da halinsa yadda yake, da kishinsa da rowarsa da riƙonsa. Ku dubi wanda ya fi kowa mugunta a garinku, ku ba shi shekara dubu. Wannan ne masu labarin Altered Carbon suka zana, ba su kuwa zana shi da kyau ba. Abin da za mu faɗa wa yaron da ya yi tambaya ke nan: wanda ya yi mu daga ƙura bai bukaci mu bar masa kwafi kafin ya tuna da mu ba, bai kuma sa wa abin farashin dala ba.

Game da wayoyin da ke hannunmu, akwai aikin kirki da za su yi tun tsofaffinmu suna nan. A zauna da Kaka a ɗauki muryarta da harshenmu, ba da Hausa kaɗai ba: sunayen kakanni, inda gidan ya taso kafin a sauko daga dutse, waƙoƙin niƙa da na noma, yadda bishara ta shigo gidan da wanda ya fara karɓa. A farkon ɗauka a faɗi rana da shekara da sunayen waɗanda suke zaune a wurin. Maganar gona da gado kuwa kada a bar ta a murya kaɗai. A rubuta a takarda, mai gida ya sa hannu a gaban shaidu, a ba fasto ko mai unguwa kwafi ɗaya ya ajiye.